Ko kibiya tana huda lifidi? Daga filin Maraton zuwa dajin Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin taron hawan Sallah a Zariya ko Katsina ko Kano ya san 'yan lifida. Su ne ake hangowa a kumbure bisa dawaki, doki da mahayinsa an lulluɓe su da ɗinki mai kauri, gida-gida, ja da rawaya da kore, a ka kuma ga kwalkwali da gashin jimina yana rangaji. Yara su yi ta nuni, masu waya su yi ta ɗauka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne aikin da aka ɗinka kayan dominsa. In maharbi ya tsaya taku talatin daga dokin, ya ɗana kibiya ya ja baka iya ƙarfinsa ya saki, za ta maƙale a cikin audugar ne, ko za ta kai ga nama?

A wata jami'a da ke garin Green Bay, jihar Wisconsin ta Amurka, an yi irin wannan tambaya a kan rigar yaƙin Girkawan dā. Malamin tarihi Gregory Aldrete da ɗalibinsa Scott Bartell sun lura da wata farar riga mai tauri da mayaƙa ke sanye da ita a zanen jikin tukwanen Girka, wadda tsofaffin littattafai suka ce ta lilin ce. Ko ɗaya ba ta kai zamaninmu ba, don zare ruɓewa yake yi. Sai suka nemo lilin saƙar hannu da gam na fatar zomo, suka riƙa shimfiɗa ƙyalle bisa ƙyalle suna mannawa har ya kai kaurin santimita guda, suka yi ta harbinsa da kibau iri-iri. Da suka gamsu, Bartell ya sa rigar ya tsaya, malaminsa ya harbe shi. Kibiyar ta caki rigar ba ta kai jikinsa ba. Sun fitar da littafi a kan aikin a 2013. Wasu masana sun ƙi yarda da batun gam ɗin, suna ganin ɗinke rigar ake yi hawa-hawa. In su ne da gaskiya, to rigar Bagirke da lifidin Bahaushe dabara ɗaya ce.

Irin waɗannan mutane suna da yawa a Turai da Amurka da Ostareliya. Suna da ƙungiyoyi, kamar Koryvantes a Girka da Hoplite Association a Ingila. Mutum ya kashe kuɗin aljihunsa ya sa a ƙera masa kwalkwalin tagulla, ya sassaƙa garkuwa, ya ɗinka takalmin fata, ranar hutu kuma ya fita fili shi da abokansa su ja sahu. Wasu sha'awar ado ce ta kai su, wasu kuwa tambaya ce ke cin su.

Yaƙe-yaƙen da suke kwaikwaya sun auku ne cikin 'yan shekaru kaɗan. Daular Farisa a lokacin ta kama daga Masar har bakin kogin Indus. Girka kuwa tarin ƙananan birane ce, kowanne da ganuwarsa da mulkinsa, galibi ba sa ga-maciji da juna. A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Dariyus ya turo runduna ta teku don ta ladabtar da birnin Atina, wanda ya taimaki wasu 'yan tawaye. Ta sauka a filin Maraton, kimanin kilomita 40 daga birnin, aka fatattake ta. Bayan shekara goma ɗansa Zaksis ya zo da kansa, ya murƙushe Sarki Leyonidas na Sparta a mashigin Termofile, ya ƙone Atina, sannan jiragensa suka kwashi kashinsu a hannu a Salamis. A 479 aka yi babban karo a Filatiya, inda aka kashe kwamandan Farisa Mardoniyus. Yawancin abin da duniya ta sani game da wannan ya fito ne daga alƙalamin mutum ɗaya, Hirodotus, Bagirke, wanda ya tattara labarin daga bakin tsofaffi bayan shekaru da dama.

Hirodotus ya ce a Maraton mutanen Atina sun auka wa Farisawa a guje, daga tazarar da ta kusa kilomita ɗaya da rabi, ga garkuwa ga kwalkwali ga mashi. Ya ce Farisawa 6,400 suka mutu, na Atina 192. An daɗe ana karanta wannan ana wucewa, sai a shekarun 1970 wasu malamai biyu na jami'ar jihar Pennsylvania, Walter Donlan da James Thompson, suka ɗora wa ɗalibai nauyi, suka ba su abin riƙewa a madadin garkuwa, suka ce su ruga. Samarin suka galabaita, wanda ma ya kai ƙarshe ba shi da sauran ƙarfin faɗa. Malaman suka yanke cewa tafiya aka yi, sai da aka shigo inda kibiya ke kaiwa, wajen mita 200 na ƙarshe, sannan aka zuba a guje. A 2010 wani masani, Peter Krentz, ya ce a'a: an daɗe ana zuzuta nauyin kayan, kuma manomin da ya tashi yana hawan duwatsu ba ɗaya yake da ɗalibin jami'a ba. Har yau ba a rufe muhawarar ba, amma ta tashi daga kan takarda ta koma kan sikeli da agogo.

A watan Satumba na 2011 masu kwaikwayon yaƙin dā suka hallara daga ƙasashe da dama a gaɓar tekun Maraton don cikar shekara 2,500 da yaƙin, suka kafa tantuna suka kwana a fili. (Masu tseren dogon zango, wanda ya ci sunan Maraton, sun riga sun yi nasu bikin a 2010, sun manta cewa kalandar Miladiyya ba ta da shekarar sifili.) Cikin waɗanda suka haɗa taron akwai Christian Cameron, marubucin ƙagaggun labaran tarihi mazaunin Toronto, wanda ya sake jan ragamar irinsa a Filatiya a 2022.

Garkuwar Bagirke ita ce ta fi koya musu darasi. Ta katako ce, zagayayya mai zurfi, faɗinta wajen santimita 90, nauyinta kilo shida zuwa takwas. Ba a riƙe ta a tsakiya. Hannun hagu ake zurawa cikin wani maɗauri har gwiwar hannu, yatsu su kama igiya a can bakin gefe. Da zarar mutum ya ɗaura ta haka zai ga rabinta ya zarce ta hagunsa yana kare maƙwabci, damansa kuma a buɗe, sai dai ya raɓa da garkuwar wanda ke damansa. Tun dā masanin tarihi Tusididis ya rubuta cewa saboda haka ne sahun Girkawa kan karkata dama in yana tafiya. Kwalkwalin da ake kira na Korinti kuma, mai rufe fuska sai tsagar ido da baki, toshe kunne yake yi. Wanda ya sa shi da ƙyar yake jin umarni, sai dai ya bi motsin kafaɗar na kusa da shi. Sai tsohuwar gardamar ko sahu da sahu turereniya suke yi da gaske, na baya na danna na gaba. Wani Ba'amurke, Paul Bardunias, ya jera mutane ya sa na'urar awon matsi, ya nuna cewa zurfin garkuwar yana bar wa ƙirji wurin numfashi ko da ana danne mutum ta gaba da baya.

Gwajin da ya fi kowanne tsada na ruwa ne. A 1987 aka ƙaddamar da Olympias, jirgin yaƙi irin na Salamis, tsawonsa wajen mita 37, da matuƙa 170 a hawa uku, bisa binciken John Morrison da John Coates na Ingila. A ɗan gajeren zango ya kai gudun kilomita 16 zuwa 17 a awa. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne halin da na hawan ƙasa ke ciki: ba sa ganin ruwan da suke tuƙawa, zafi ya dafa su, gumin na sama na ɗiga a kansu, kuma kowane matuƙi na buƙatar wajen lita guda ta ruwan sha a duk awa. Daga nan aka fahimci dalilin da jiragen dā ba sa nisa da gaɓa.

Akwai iyaka, ba shakka. Kibiyar wasa da roba a bakinta, mashin ba tsini, kuma kowa a filin ya san da yamma zai wanke jikinsa ya ci abinci. Ana iya auna nauyi da gudu da ƙishirwa. Tsoron mutuwa ba ya aunuwa ta wannan hanya.

Wata matsalar kuma, kowa so yake ya zama Bagirke. Masu shigar Farisawa ba su da yawa, alhali daularsu ce babba a labarin. Tubalan fadar Susa masu sheƙi da ke gidan tarihi na Louvre a Faris suna nuna maharban sarki cikin dogayen riguna na fada, kwari a baya. A fagen daga kuwa, in ji Hirodotus, wando suke sawa da riga mai hannu da hula mai laushi, su kafa manyan garkuwoyi na saƙar ƙirare a ƙasa su yi katanga, maharba su tsaya a baya suna ruwan kibau. Akwai labarin da mai kallon hawan Sallah zai gane nan take. Kafin babban karon Filatiya, shugaban mahayan Farisa, Masistiyus, ya jagoranci hari, aka harbi dokinsa ya kayar da shi. Girkawa suka rufe shi da sara da suka, abin ya ƙi shiga, don a ƙarƙashin jar rigarsa akwai sulke na zinariya. Sai da wani ya gane ya soke shi a ido. Fim ɗin 300, wanda ya zagaye duniya a 2007, ya mai da irin waɗannan mutane dodanni, har gwamnatin Iran ta yi Allah wadai da shi.

Iran ɗin ma ta taɓa yin nata kwaikwayon, da kuɗin gwamnati. A watan Oktoba na 1971 Shah Muhammad Reza Pahlawi ya tara sarakuna da shugabannin duniya, har da Haile Selassie na Habasha, a kufan Fasifolis don bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500. Sojoji fiye da 1,700 suka yi jerin gwano cikin shigar rundunonin dā, da gemu da karusa da raƙuma. Ba don a gano komai aka yi shi ba. Don a nuna cewa Shah magajin Sairus ne, wanda ya kafa daular. Kuɗin da aka narkar ya zama abin zagi a bakin 'yan adawa, a 1979 kuma sarautar ta faɗi.

Ƙasar Hausa ba ta buƙatar zanen tukunya kafin ta san kamannin mayaƙanta. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa dawakin zage da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Waɗannan abubuwa suna nan ana fita da su sau biyu a shekara. Sarautun ma na yaƙi ne: Madawaki, Barde, Sarkin Yaƙi, Sarkin Baka, Shamaki mai kula da barga. Wani Bature mai suna A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin Arewa yana duba sulkuna zobe-zobe da ruwan takubba, ya fitar da littafi a 1964 inda ya nuna cewa wasunsu tsofaffin ƙirar ƙasashen waje ne da suka ƙetaro Sahara. Daga baya ya zama farfesan nazarin Iran a Landan. Abin da Bature ɗan Koryvantes zai sayar da motarsa ya mallaka, a nan yana rataye a zauren wani gidan sarauta, jika ya gāda daga kaka.

Jahi kuwa hari ne da aka cire wa jini. Mahaya su jeru, su saki linzami su taho a sukwane kamar za su bi ta kan sarki, sai an zo dab su ja birki ƙura ta turnuƙe, a ɗaga mashi ko dunƙulallen hannu a yi jinjina. A zamanin da ake fita yaƙi, nan sarki ke ganin dawaki nawa kowane hakimi zai iya kawowa, da kuma wanda bai zo ba. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, yaƙi ya fita daga hannun sarakuna, hawan ya rage. Turawan ma suka ga ya yi musu: an tara wa Yariman Wales dawaki a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth gagarumin hawan daba a Kaduna a 1956, aka sake wani a can lokacin bikin al'adu na FESTAC a 1977. Hawan Nasarawa na Kano da hawan Bariki na Katsina da Zazzau, inda sarki kan kai gaisuwa ga hukuma, gadon wannan zamani ne. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su.

Sai dai hawa labarin mai doki ne. Shi aka yi wa ado, shi maroƙa ke wasawa. 'Yan baka da dakaru in sun fito, a ƙasa suke tafe cikin ƙura, kallo ɗaya ake musu a koma kan alkyabba. Tarihi kuwa bai raba rabon haka ba. A Tabkin Kwatto, watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidarsa da mahayan Azbinawa, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Maharba ne suka tsaya suka karya Gobirawa. Wanda ya kalli hawan Sallah sau hamsin ba zai taɓa zaton haka yaƙin da ya kafa daular Sakkwato ya kasance ba.

Akwai ma wanda ya ga lifidi yana aikinsa ya rubuta. A watan Oktoba na 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton yana sansanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a birninsu na Konya. Ya ga mahaya na kewaya nesa da inda kibiya ke kaiwa, ya ga an fito da 'yan lifida, kowannensu sai da mutum biyu suka ɗaga shi kafin ya hau, dokin kuma ba ya iya wuce tafiya. Suka doshi ganuwa. Wani ɗan bindiga daga ciki ya harbi na gaba, harsashi ya ratsa lifidin ya kayar da shi, sauran ba su ƙara matsawa ba. Wadda ta fi burge Clapperton a ranar wata tsohuwar baiwa ce Bazamfara, wadda ta yi ta zagaye a kan doki da gorunan ruwa tana shayar da masu rauni. Kaurin lifidi yana da dalili: an cusa shi da auduga, sau da yawa ta rimi, domin kibiyar ƙasar nan da dafi take, na kwankwani, ƙwarzane ma ya isa. Amma an ɗinka shi ne don kibiya, ba don harsashin bindiga ba.

Wata uku kafin wannan, a watan Yuli, Clapperton ya ratsa Birnin Gwari a hanyarsa daga Nufe zuwa Zariya da Kano. Ya tarar da birni mai ganuwa a tsakanin tuddai da kurmi, wanda a dā yake ƙarƙashin Katsina, a lokacin kuma yana cikin garuruwan da suka yi wa Sakkwato tawaye bayan rasuwar Shehu. Wannan shi ne wurin da yau ake ce wa Tsohuwar Birnin Gwari, ta hanyar Funtuwa. Ƙasar ba ta doki ba ce kamar filayen Kano. Akwai duwatsu, akwai ƙoramu da ke zuba cikin kogin Mariga, da damina ciyawa takan shanye mahayi, a kurmin bakin ruwa kuma ga tsando mai sa wa dabba sammore. Shi ya sa mahara kan jira kaka ta wuce, rafuka su ja, a ƙone daji. Su kuma mazauna, Gwari da Kamuku da Hausawan da ke cikinsu, kariyarsu ganuwa ce da gwalalo da sarƙaƙiya da aka bari ta rufe kewayen gari, da ƙofa matsattsiya, da kan dutse in abin ya ɓaci.

Lissafin ɗaya ne da na Filatiya. Can ma Girkawa sun kwana da kwanaki suna manne da gindin dutsen Kitairon, sun ƙi sauka fili don tsoron dawakin Farisa. Mardoniyus bai hau dutsen ba. Ya tura mahaya suka tare ayarin dabbobi 500 da ke kawo musu abinci, suka lalata maɓuɓɓugar da suke sha. Mai doki ba ya iya hawa ganuwa, amma yana iya raba ta da gona da rafi, ya zauna ya jira yunwa. Haka yankin Birnin Gwari ya sha a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa Kwantagora a shekarun 1860, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, ya yi ta kai hare-haren kama bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku har garuruwa da yawa suka zama kufai, bai tsaya ba sai da Turawa suka ci Kwantagora a farkon 1901. Wannan ɓangare na tarihi ba shi da ranar hawa. Ba wanda ke shigar manomin da ke kan ganuwa da kwari da baka yana ƙirga damin da ya rage a rumbu.

Dajin da ya rufe wani sashe na wannan ƙasa an keɓe shi a 1936, a 1999 ya zama gandun dajin ƙasa na Kamuku, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, da Goron Dutse da magangarar Dogon Ruwa a ciki. Ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, ya miƙa har iyakokin Katsina da Neja. Abin da ya biyo baya shi ne 'yan bindiga suka mai da dajin mafaka. Babur ya maye gurbin doki, mutum biyu ko uku a kan kowanne, da AK-47, kuma shi tsando ba ya cizonsa. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Doka. A watan Mayu aka kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska, da yawansu 'yan sa-kai. Dabarar ma ba ta canja sosai ba: a tare hanyar Kaduna, a hana zuwa gona, a ɗora wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Bindigar toka, wadda 'yan bindigar sarki ke durawa su harba sama ranar Sallah don amo da hayaƙi, ita ce ɗan sa-kai ke saɓawa ya kwana a bakin gari. Hawan kansa yana son hanya lafiya, domin hakimin Kuyello ko na Randagi ko na Dogon Dawa sai ya ratso daji da mutanensa kafin ya iso ƙofar fadar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II. Ba a yi wa mutanen da ke cikin wannan hali tayin wasan yaƙi.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, ya buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo kan hanyar Kaduna. In zaman lafiyar ya ɗore, aikin da ya fi dacewa da wannan yanki ba na ado ba ne, na awo ne, kuma ba shi da tsadar jirgin Olympias. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Zariya, ga Arewa House a Kaduna da tarin takardunta. A bi sawun ganuwar tsohon birnin da igiyar awo a san tsawonta da ƙofofinta da inda rijiyoyi suke, a lissafa maharba nawa za ta ci. A nemo tsofaffin maharba da makiyayan da har yanzu suka iya jan baka, a auna nisan da kibiyarsu ke kaiwa daga kan tudu, a ga minti nawa doki mai ɗauke da kaya zai yi kafin ya ratsa wannan tazara. A naɗi muryar dattawan da suka ji labarin zamanin Nagwamatse daga bakin kakanninsu. Waɗannan su ne ya kamata a fara da su, domin wanda kakansa ya ga 1901 da idonsa yanzu ya haura saba'in ko tamanin, kuma da yawansu rikicin ya tarwatsa su zuwa Kaduna da Funtuwa da Zariya.